Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen ninki da launin kilt

Kilt tufa ce ta mazan Sikotilan mai kama da siket, gabanta shimfiɗe, bayanta ninki-ninki. Ana ɗinka ta da yadin ulu mai suna tatan, wanda ratsinsa na tsaye da na kwance ke gittawa su ba da gida-gida. Cikakkiyar kilt tana cin yadi 8. Galibin ɓarnar da ake yi mata tun kafin almakashi ya taɓa yadi take faruwa, domin idan tela ya ɗinke ninkin daga ƙugu zuwa kwankwaso, yakan yanke rarar yadin da ke ciki don kada wurin ya yi tudu. Daga nan ba a sake tsarin ninki.

Babban kuskure shi ne mutum ya zaɓi yadi ya tafi abinsa, bai faɗa wa tela yadda za a jera ninkin ba. Hanya biyu ce. Ko dai a jera shi yadda zanen tatan zai sake fitowa a baya kamar yadda yake a gaba, ko kuma a ɗauki ratsi ɗaya a sa shi a tsakiyar kowane ninki, irin na sojoji. Tsohuwar rundunar sojan Sikotilan ta Gordon Highlanders, kafin a haɗe ta da wata runduna a 1994, ratsin rawaya take bi, shi ya sa bayan kilt ɗinsu yake layi-layi na rawaya duk da cewa yadin kore da shuɗi da baƙi ne suka rinjaye shi. Wato ratsin da aka zaɓa shi ke yanke launin bayan tufar. Yadi mai yawan ja, idan aka bi ta kan koren ratsinsa, sai gaba ya fito ja, baya ya yi duhu kamar ba yadi ɗaya ba. Akwai kuma wanda zai zaɓi wurin da babu ratsin tsaye mai ƙarfi, sai ratsin kwance kaɗai ya rage, bayan ya koma kamar tabarmar roba. Maganin duka mai sauƙi ne: a sa tela ya naɗe ninki biyar ko shida da fil ta kowace hanya, a ja da baya taku goma a duba, don daga nesa mutane za su gani.

Sai lissafi, inda masu koyon ɗinki suka fi faɗuwa. Zanen tatan maimaita kansa yake yi, kuma tsawon zagaye ɗaya yawanci inci 6 zuwa 8 ne. In ratsi ake bi, kowane ninki yana cin zagaye ɗaya cif. A ce zagayen inci 7 ne, fuskar ninkin da ake gani inci ɗaya: saura inci 6 ya ninku biyu a ciki, zurfi ya zama inci 3. Ninki 27 zai ci inci 189, wato yadi 5 da kwata, ragowar ta tafi ga shafukan gaba biyu, wato ɓangarorin shimfiɗaɗɗu da ɗaya ke rufe ɗaya. In zane ake bi, kowane ninki sai ya ƙara faɗin fuskarsa a kan zagayen. Wanda bai auna zagayen ba kafin ya sayi yadi, ko dai yadi ya ƙare masa, ko ya rage zurfi. Ninki marar zurfi kuwa ba ya lilo idan ana tafiya, bajewa yake yi. Idan zagayen ƙarami ne sosai, a haɗa biyu a ninki ɗaya. Mai yadi 4 ko 5 kacal gara ya yi ninkin akwati, mai faɗin fuska, wanda tun asali tsofaffin kilt da shi ake yinsu, maimakon ya matsa wa kansa sai ninkin wuƙa mai kwanciya gefe ɗaya.

A lura da matsewar ninki daga kwankwaso zuwa ƙugu. Dole a rage daidai ta gefe biyu, in ba haka ba ratsin tsakiya ya karkace, ko wani siririn ratsi ya ɓace a sama. Tatan irin na Buchanan, wanda zanensa ba ya juyowa ya maimaita ta baya, yana da nasa tarko: in aka tsaga yadi mai faɗi biyu aka haɗa, rabi ɗaya zai fito a juye. A nemi masaƙa ta yanko shi tsawo ɗaya.

Sunayen launi ma suna ruɗar masu saye. Wanda aka rubuta wa “Ancient” ba shi ne mafi tsufa ba. Launi ne mai haske da aka fito da shi daga baya don kwaikwayon rinin itatuwa, jansa ya karkata zuwa ruwan lemo, shuɗinsa kamar sararin sama. “Modern” shi ne mai duhu, irin na rinin kemikal da ya bazu bayan 1856. “Weathered” kuma korensa ya koma ruwan ƙasa, shuɗinsa ruwan toka. Zanen ɗaya ne, rini ne ya bambanta. Tatan ɗin Black Watch mai duhu, a ɗakin biki da dare kusan baƙi ƙirin yake fitowa a hoto. Kada a dogara da allon waya. A sa a aiko ƙyalle, a duba shi a rana da kuma ƙarƙashin fitila. Masaƙu biyu ma jansu ba ya zama ɗaya, don haka in ango da abokansa za su yi anko, a yanko daga bandir ɗaya. Ana iya tabbatar da jerin zaren kowane zane a rajistar tatan ta Sikotilan da ke Edinbara, wadda ta fara aiki a 2009.

Nauyin yadi, a kan tsawon yadi ɗaya: oza 16 ya fi riƙe ninki, oza 13 ya wadatar, oza 10 ko 11 kuwa iska ke wasa da shi.

Ba a kalmashe ƙasan kilt, bakin saƙa shi ne ƙasanta, kuma ya tsaya a saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa. Farin zaren da ya riƙe ninkin sabuwar kilt zare shi ake yi kafin a sa. Fil ɗin ado shafin sama kaɗai yake hudawa. In ya haɗa biyun, yadin yana iya yagewa. Wajen guga a fara kama ninkin da zare a shimfiɗe, layi a kan layi, a ɗora damshin ƙyalle a danna dutsen a ɗaga, kada a ja shi.