Kafin ka huda bangon tsohon gini a ƙasar waje

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke isowa Turai, aikin da suke fara samu na gini ne: rushe bango, kankare fenti, kwashe ɓaraguzai. Ɗan uwa, in kana cikinsu, ka san asbestos tun kafin ka ɗauki guduma.

Ma'adini ne mai zare-zare da aka daɗe ana sa shi a silin, tayil, kwanon rufi da abin naɗe bututun ruwan zafi, saboda ba ya cin wuta. Muddin ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da an fasa shi sai ya saki ƙurar da ido ba ya gani, ta shige huhu ta zauna. Ciwon da ƙurar ke jawowa kan ɗauki shekara 15 zuwa 60 kafin ya bayyana, kuma a Birtaniya kaɗai yana kashe kimanin mutum 5,000 duk shekara. Faransa ta haramta asbestos a 1997, Birtaniya a 1999, Kanada a 2018, to amma tsofaffin gine-ginen suna nan.

Ba a gane shi da ido, ko da mutum ya tsufa a sana'ar. Shi ya sa ƙwararren mai bincike yake bin gini ɗaki-ɗaki, sanye da rigar kariya da takunkumi mai tace ƙura. Inda ya yi zargi, sai ya jiƙa wurin, ya yanki ɗan kaɗan, ya ƙulle a leda biyu, ya aika ɗakin gwaji a duba da madubin ƙara girma. Wurin da bai samu shiga ba kuwa, ana ɗaukarsa yana da asbestos har sai an tabbatar babu. A Birtaniya binciken iri biyu ne: na ginin da ake zaune a ciki, da na wanda za a gyara ko a rushe, inda ake farke silin da bango a leƙa ciki. Na farko ba ya wadatarwa in aikin rushewa ne.

Don haka ka nemi ganin rahoton binciken kafin ka fara aiki. Haƙƙinka ne, kada kunya ko tsoron rasa aiki su hana ka. In ka fasa wani abu da kake zargi, ka dakata, ka fitar da mutane, ka sanar da shugaban aiki. Kada ka share, kada ka sa injin zuƙe ƙura na gida, kuma kada ka kai wa iyalinka kayan aikin su wanke.