Ba kowane ɗan dangin wake ke ƙara wa ƙasa taki ba

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗaliban ilimin tsirrai a nan Marwa shi ne, da zarar sun ji itace ɗan dangin wake ne, wato Fabaceae, sai su rubuta cewa yana kama naitirojin, sinadarin da ke zama taki ga ƙasa, daga iska. Gawo yana yi, haka bagaruwa da dakwara. Amma tsamiya ba ta yi, kalgo ba ya yi, kai, har ɗorawa ma ba ta yi, duk da kusancinta da gawo.

Gyaran sai da fartanya. Ka tono saiwar ƙaramin tsiro, ka wanke ta a hankali, ka nemi 'yan ƙulle-ƙullen da ƙwayoyin bakteriya masu kama naitirojin, Rhizobium ko Bradyrhizobium, ke zama a ciki. Ka tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, aiki na tafiya, launin leghemoglobin ne, wani furotin ja da ke cikin ƙullin. In fari ne ko kore, ƙullin banza ne. Kada kuma ka jingina dukan albarkar dawar da ke ƙarƙashin gawo ga saiwarsa: yana zubar da ganye da damina, ya fitar da sabon ganye da rani, shanu su kwanta a inuwarsa su bar kashi.

Sai batun suna. A da bagaruwa da dushe da dakwara duk Acacia ake kiransu. Tun taron masana tsirrai na Melbourne a 2011 aka tabbatar wa itatuwan Ostareliya da sunan Acacia. Bagaruwa yanzu Vachellia nilotica ce, dushe Vachellia seyal, dakwara Senegalia senegal. Kar ka haddace, duba ƙaya: dushe biyu-biyu miƙaƙƙu, dakwara uku-uku, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa. 'Yan kasuwar ƙaro a Cadi sun riga ka rarrabewa, na dakwara mai tauri suna ce masa kitir, na dushe mai rugurgujewa talha.

Tsofaffin littattafai na raba dangin wake gida uku. Tun 2017 shida ne, su gawo da ɗorawa sun koma cikin Caesalpinioideae, tsamiya da taura kuma Detarioideae.

Zogale kuwa, tsawon kwansonsa ne ke ruɗin mutane, su ɗauka ɗan dangin wake ne. In ya bushe gida uku yake tsagewa, na wake kuma biyu. Nasa dangin Moringaceae ne.