Yadda za ka duba tsohon hoton yara a garkar kaka

Da farko wanke hannu, ka shanya su sosai. Riƙe hoton ta gefe, domin maiƙon yatsa yana barin tabo a kansa.

Zauna a inuwa. Ranar Tahoua tana koɗar da hoto.

Sai ka dubi yaran ɗaya bayan ɗaya: wa ke da takalmi, wa ya ɓuya bayan rijiya, irin askin kansu, kitson ƴan matan. Ni kam nan nake daɗewa. Tun da hoton baƙi da fari ne, kai wa tsohuwa ka ce, “Inna, wane launi ne zanen nan? Kafin samun ƴancin kai na 1960 aka ɗauka?”

Rubuta sunayen a baya da fensir, biro yana ratsawa. Ɗauke shi da waya, sannan ka naɗe shi cikin takarda mai tsabta, ka ajiye inda gara ba ta kai.