Yadda na gyara jan ƙafar kwamfutata: yawan RAM ko saurinsa?

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora ayyukan da take yi a lokacin) na gigabayit 8, nau'in DDR4, kuma ta fara jan ƙafa duk lokacin da na buɗe shafukan Chrome da yawa tare da Excel, har linzamin ya riƙa tsayawa cak. Wani mai shago ya ce in cire wanda ke ciki in sa mai saurin 3200 MHz, kuma saura ƙiris in biya.

Kafin nan sai na danna Ctrl, Shift da Esc na buɗe Task Manager, wato manhajar Windows da ke nuna yadda kwamfuta ke amfani da kayan cikinta, ina cikin aiki. Na tarar RAM ɗin ya kusa cika maƙil, faifan ajiya kuma yana ta aiki babu hutu, domin idan wuri ya ƙare Windows takan kwashe wasu bayanai zuwa faifan, wanda bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Ashe matsalar ƙarancin wuri ce. Bugu da ƙari, furosesar da ke ciki (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta), Intel Core i5-8250U, iyakarta 2400 MHz a DDR4, saboda haka mai 3200 ɗin da an sa shi zai sauko ya yi tafiya a 2400, kuɗina ya tafi a banza.

Na kashe kwamfutar, na cire caja, na kwance murfin ƙasa, na sa wani gigabayit 8 mai 2400 a ramin da yake fanko. Yanzu 16 ne, biyun suna aiki a tare, kuma tsayawar nan ta daina.