Yadda zaka taimaka a tsare ƙuri'ar unguwarku a zaɓen kansila da ciyaman

Da an ce za a yi zaɓen ƙananan hukumomi maganar da zaka fara ji a majalisa ita ce "ai an riga an rubuta", kuma masu faɗin haka suna da hujjarsu. Wannan zaɓen hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi ba INEC ba, in ka cire Abuja, gwamna ne ke naɗa mutanen hukumar, kuma kusan ko'ina jam'iyyar da ke mulkin jihar ce ke kwashe komai. A Kano a watan Oktoban 2024 NNPP ce ta cinye kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, a jihohin APC da na PDP ma haka ake gani. Duk da haka ni dai abin da na yarda da shi shi ne aringizo ya fi sauƙi a akwatin da babu kowa. Inda mutum talatin suka fito suka dangwala suka watse kafin azahar, wa zai ce uffan in an ƙara sifili a takarda? Amma inda mutum ɗari uku suka tsaya aka ƙirga a gabansu kowa ya ji adadin da kunnensa, mai son canzawa sai ya yi da gaske, kuma zai bar shaida.

Kujerun nan kuma ba na wasa bane. Asibitin sha-ka-tafi, firamare, kasuwa, tasha, kwashe shara, magudanar ruwa, maƙabarta, duk akwai hannun ƙaramar hukuma a ciki. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Toh in ana rigima a kan kuɗin, ai dole mu damu da wanda zai zauna a kansu.

Kada ka ce zaka gyara ƙaramar hukuma gaba ɗaya, ɗauki akwati ɗaya, naka, inda ka san mutane suka sanka. Nemi mutum biyar ko shida da ka yarda da su, kuma lallai a samu mata aƙalla biyu a ciki don kai namiji akwai gidajen da iyakarka zaure. Ku buɗe guruf a WhatsApp, ku sayi littafi, ku fara zuwa wajen mai unguwa ku gaishe shi ku faɗa masa abin da kuke shirin yi, ku je wajen liman, in unguwar akwai coci ku je wajen fasto. Ku gaya musu ƙarara, "ranka ya daɗe mu ba jam'iyya muke wa aiki ba, so muke mutane su fito kuma a ƙirga abin da suka zaɓa". Wannan maganar kuma ku riƙe ta da gaske, don ranar da aka ga ɗayanku da hular ɗan takara shikenan rabin unguwa sun daina sauraronku.

Aikin farko kati ne, kuma watanni kafin zaɓe ake fara shi. Katin zaɓen da ka yi zaɓen shugaban ƙasa da shi, shi ne dai na wannan, don rajistar INEC hukumomin jihohi ke amfani da ita. Ku bi gida gida ku tambaya: wa ya cika shekara 18 bai yi rajista ba, wa ya yi bai karɓo ba, wa ya ɓatar da nasa, wace amarya aka kawo daga wani gari katinta na can, wa ya tashi daga wata unguwa bai yi taransifa ba. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, kati sama da miliyan 6 ba a karɓa ba, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuma basu kai miliyan 25 ba. Duk waɗannan gyare-gyaren a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ake yi idan an buɗe rajista, wasu ana iya farawa ta shafinsu na intanet, kuma ana rufewa tun da sauran lokaci sosai kafin zaɓe, shi yasa jinkiri ke cin mutane. Kati mai shi ne ke karɓa da kansa, abin da zaku iya shi ne ku haɗa kuɗin adaidaita ku raka tsofaffi. Ku duba wa mutane akwatinsu ma, tun da aka ƙara rumfuna a 2021 suka koma 176,846 akwai waɗanda aka mayar wata rumfa, mutum ya sha rana a layi sai a ce masa sunansa ba a nan yake ba ya yi fushi ya koma gida.

Dan Allah a littafin nan sunan mutum da matsalarsa kawai zaku rubuta. Kada ku karɓi katin kowa "don ajiya", kada ku kwafi lambar katin, wannan aikin masu sayen ƙuri'a ne kuma laifi ne riƙe katin wani.

Wajen mata a dage sosai. Matan Arewa basu samu damar jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan haƙƙin, abin takaici ne a ce yau atamfa da taliya da sabulu ne ke yanke inda ƙuri'arsu zata faɗa. Matan cikinku su bi islamiyya da gidan suna da wajen adashi, ku kuma maza ku yi wa magidanta magana tun da wuri su bada izini, a tsara wa zai zauna da yara, a fita rukuni rukuni. Maganar kuɗi kuwa kada ku yi wa kowa gori, talauci gaskiya ne, ku dai tuna musu cewa a bayan labule babu mai ganin inda yatsa ya sauka, kuma dokar zaɓe ta sa hukunci a kan mai bayarwa da mai karɓa.

Sai koyar da dangwale, abin da kowa ke rainawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a sama da 900,000 ce ta lalace. Ku zana takarda mai gidaje irin ta zaɓe, ku samo tawada, kowa ya gwada: yatsa ɗaya, gida ɗaya, kada ya hau layi, a bari tawadar ta ɗan sha iska kafin a naɗe don kada ta shafi wani gidan. Ku nuna musu cewa alamar jam'iyya ce a takardar, kuma ta ciyaman daban ta kansila daban.

In kana son zama ɗan sa ido mai katin wuya, wannan sai ta hanyar ƙungiyar da hukumar zaɓen ta tantance, irinsu Yiaga Africa, TMG, FOMWAN ko CITAD a Kano, ka neme su da wuri don suna bada horo. Ko babu katin wuya kai mai zaɓe ne, kana da damar ka jefa ƙuri'arka ka koma gefe ka jira ƙirge. Ka leƙa ofishin hukumar zaɓen jiha ka tambayi ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a rufe, da me za a tantance mutane, don jiha jiha ne. A Abuja INEC na amfani da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, Kaduna ta taɓa yin nata da na'ura a 2018 da 2021, wasu kuma rajistar takarda ce kawai.

Ranar zaɓe ku riga malaman zaɓe zuwa, da fawa bank da ruwa da benci biyu saboda tsofaffi. Yawanci ana hana zirga-zirgar ababen hawa, saboda haka ku san tun ana gobe zaɓe wa zai turo keken wane, wa zai riƙo hannun Baba wane. Tsofaffi, masu ciki, masu goyo da masu buƙata ta musamman a gaba ake sa su, makaho kuma shi ke zaɓar wanda zai taimaka masa, ba ejan ɗin jam'iyya ne zai maƙale masa ba. Rubuta lokacin da kaya suka iso. Kafin a fara, cikin ladabi ka ce "malam a nuna mana akwati babu komai, a nuna mana takardar rubuta sakamako". Wannan takardar ita ce komai wallahi, wani ƙorafi da ake yi a zaɓen ƙananan hukumomi shi ne an kawo ƙuri'u ba a kawo ta ba, in babu ita ku sa ejan-ejan na duk jam'iyyu su ji, ku rubuta, ku kira ƙungiyar sa ido tun kafin a yi nisa.

In 'yan daba suka shigo kada ka yi jarumta, janye mata da tsofaffi, ka kira jami'an tsaro, abin da ka gani ka rubuta bayan ka samu wuri.

Tsohon taken nan na a kasa a tsare a raka har yanzu shi ne aikin. A ƙirga da ƙarfi a gaban jama'a, a cike takarda a nan, ejan-ejan su sa hannu su karɓi kwafinsu, a liƙa sakamako a bango. Ɗauki hotonsa yadda lambar akwati da alƙaluma da sa hannu zasu fito tar, tura a guruf nan take ko da za a ƙwace waya, sannan mutum biyu su bi kayan zuwa inda ake tattara sakamakon mazaɓa su ji ko abin da aka karanta ya yi daidai da hoton. Kada ku hau Facebook kuna "mun ci" ko kuna yaɗa sakamakon da baku gani da idonku ba. In kuma har yamma ba a kawo kaya ba, shi ma abin rubutawa ne: hoton layi, lokaci, da mutanen da suka yarda su bada shaida. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwanaki ƙalilan take bayarwa a shigar da ƙara, kuma ɗan takara ko jam'iyya ne ke shigarwa, saboda haka washegari ku miƙa kwafin hotunan ga ƙungiyar sa ido da duk ɗan takarar da ya nema, na asalin kuma ku bar su a wayar da ta ɗauka kada a goge ko a yi musu kwaskwarima.