Idan Rumbun Kwamfutar Shago Ya Cika: Kurakuran da Aka Fi Yi

A shagunan buga takardu da ɗaukar hoton fasfo na Nima da Mamobi a Accra, yawancin kwamfutocin da ake aiki da su na hannu ne da aka sayo daga wajen kasuwar Circle, kuma ba a cika daɗewa ba sai layin rumbun C ya koma ja, na'ura ta fara jan ƙafa alhali kwastoma na tsaye yana jiran katin ɗaurin aure.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne mai shago ya shiga jakar Windows cikin gaggawa yana goge duk abin da bai gane sunansa ba. Jakar WinSxS takan bayyana da girma har ta tsone ido, amma kayan aikin manhajar Windows ɗin kanta ne a cikinta, wanda ya goge ta da hannu yana iya wayar gari kwamfuta ta ƙi tashi. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe Disk Cleanup, wato abin shara da ke zuwa tare da Windows, a zaɓi tsaftace fayilolin tsarin, a bar shi ya kwashe ragowar sabuntawa da jakar Windows.old mai ɗauke da tsohon Windows, wadda takan haura gigabait 10 ita kaɗai. Haka nan fayil ɗin hiberfil.sys, inda Windows ke adana aikin da ake kai idan an sa kwamfuta dogon barci, ana kashe aikinsa ne ta hanyar rubuta wa Windows umarni, ba a tumɓuke shi.

Da yawa kuma sukan goge hotuna ɗari-ɗari, su yi mamakin yadda wuri bai ƙaru ba, sun manta cewa komai na nan kwance a kwandon shara har sai an zubar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in tarar da rumbun C a shaƙe, rumbun D kuwa fayau babu kowa, saboda tun ranar da mai gyara ya raba shi biyu ba a taɓa ajiye ko takarda ɗaya a can ba. Jakar Downloads, inda takardun da kwastomomi ke turowa ta WhatsApp suke taruwa shekara da shekaru, da hotunan fasfo da aka riga aka wanke aka biya, duk can ya kamata su koma.

Manhajojin da ke alkawarin share kwamfuta da dannawa ɗaya, a bar su. Wasunsu talla kawai suke jibgewa.

Sai batun kwashe kaya zuwa filas. Akwai na jabu a kasuwa waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, sukan karɓi fayil lami lafiya, ranar da aka nema a tarar ya lalace. Don haka a kwafa tukuna, a buɗe a tabbatar, sannan a goge na asali, domin idan aka yanke aka liƙa kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, sai an sha wahalar gane abin da ya ƙaura da abin da ya rage. Rasit da littafin ciniki kuwa, waɗanda dokar haraji ta Gana ta ce a adana shekara 6, su zauna a wuri biyu: rumbun waje guda, da kuma gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, sai dai a tuna saƙonnin Gmail ma daga cikinsa suke ci.