Kurakuran da ake yi wajen jera zuriyar gidan Spencer

Gidan Spencer na Birtaniya, inda marigayiya Gimbiya Diana ta fito, yana cikin gidajen da aka fi cakuɗa asalinsu. Tushen ruɗanin shi ne gidan ya rabu biyu tun ƙarni na 18, kowane reshe da sarautarsa.

Wasu na cewa babu abin da ya haɗa Winston Churchill, tsohon Firayim Ministan Birtaniya, da Diana, wasu kuma su wuce gona da iri su ce kawunta ne. Duk ba haka ba ne. Kakansu ɗaya can sama, Charles Spencer, Earl na Sunderland na uku, wanda ya auri Anne, 'yar John Churchill, Duke na Marlborough na farko (Earl da Duke sarautun gado ne na manyan gidajen Birtaniya). John Churchill ya rasu bai bar ɗa namiji ba, amma tun a 1706 majalisa ta yi doka ta musamman domin sarautarsa ta bi ta 'ya'yansa mata. Ta nan ɗan Anne, shi ma Charles, ya zama Duke na uku a 1733, ƙanensa John kuma ya samu gidan Althorp. Winston daga tsatson wan yake, Diana daga na ƙanen. Sai a 1817 reshen Marlborough ya ƙara sunan Churchill a kan Spencer. Don haka mai zana bishiyar zuriyar ya fara daga Sunderland, ya ja layi biyu, kada ya bar su su sake haɗuwa.

Winston kansa bai taɓa zama Duke ba. Haihuwarsa a Blenheim, fadar Duke na Marlborough, a 1874 ce ke ruɗar mutane. Mahaifinsa Randolph ƙaramin ɗa ne, sarautar ta tafi ga wan Randolph.

A nan ne tunanin masarautunmu ke kai mu ga kuskure. Manyan gidajen Birtaniya ba su da masu zaɓen sarki da za su duba 'ya'yan gida su ɗauki wanda ya cancanta. Babban ɗa namiji kawai, ko da shi ne auta. Shi ya sa da mahaifin Diana ya rasu a 1992, ƙanenta Charles ya zama Earl na tara, alhali a lokacin yayyensa mata uku suna nan da ransu. Dokar 2013 da ta daidaita mace da namiji gadon sarautar ƙasa ta shafa, ba sarautun manyan gidaje ba, kuma a ganina wannan ne wurin da ko 'yan jarida ke yawan zamewa.

Kada kuma a rubuta cewa an haifi Diana da laƙabin Lady. A 1961 kakanta ne Earl. Sai 1975 da mahaifinta ya gaje shi ta samu laƙabin. Masu kiranta 'yar talaka saboda ta yi aiki a makarantar renon yara sun manta a Park House, cikin gandun sarauta na Sandringham, aka haife ta.

Akwai kuma tsohuwar tatsuniyar cewa Spencer jikokin gidan Despenser ne na tsakiyar zamani. Masana tarihi sun daɗe da watsi da ita. Abin da takardu suka tabbatar shi ne kiwon tumaki a Wormleighton, wanda ya ba wani John Spencer na can baya kuɗin sayen Althorp a 1508. Sarautarsu ta farko, ta Baron, sai a 1603 ta zo, ta Earl Spencer kuma a 1765.